Kumfar Shayin Kawu Barmo

Kumfar ce ta fara raguwa. Kawu Barmo, ƙanen mahaifiyata, dabino yake sayarwa a kasuwar Gure, amma da shayi aka san shi. Yakan ɗaga buta har saitin kunnensa ya tsiyayo cikin ɗan kofi, ko ɗigo ba ya zuba ƙasa. Mutanen garuruwan Bune da Gamu sukan ce dabino suka zo saye, sai su wuni a tabarmarsa.

Da na dawo hutu daga jami'a, na lura daf da bakin kofin yake tsiyayawa, hannun hagu na tallafe da na dama. Abokinsa Abarshi ya yi ta tsokanarsa, wai tsufa ya zo karɓar butar. Aka yi dariya, har da shi. Ni dai na ga ya yi tangaɗi da ya miƙe, harshensa ma ya yi nauyi.

Karnen asibiti, wato ɗan littafin da likita ke rubutu a ciki, biyu gare shi, ni ce kuma mai karanta masa. Shuɗin na Damagaram ne, inda ake ba shi maganin litiyom saboda ciwon ƙwaƙwalwar da kan hana shi barci har ya rabar da hajarsa kyauta. Wannan a ƙasan akwati yake zama, kada kasuwa ta ji. Da hawan jini ya same shi, sabon karne ya buɗe a Gure, bai ambaci tsohon ba. Aka ba shi ƙwayar da ke sa yawan fitsari.

Na yi zargin magungunan biyu ne ba sa jituwa. Kwana biyu maganar na bakina kafin na iya furta ta.

"Kawu, mu kai wa likita duka biyun."

"Har da shuɗin, 'yar nan?"

"Shi za mu sa a sama."

Likita ya ce sabuwar ƙwayar tana hana ƙoda fitar da litiyom, sai ya taru a jini ya zama guba, yana iya kisa. Kwana huɗu Kawu ya yi a kwance ana ƙara masa ruwa, ana auna jini. Aka canja maganin hawan jinin.

Matarsa, Inna Zaituna, ta ɗinke karnen biyu da zare, ba mai raba su. Haka Abarshi ya gan su a aljihun Kawu ranar da ya koma kasuwa. Kawu ya fara kame-kame, Abarshi ya katse shi, ya ce ai kowa ya sani tun shekarar da ya rabar da buhu uku na dabino. Su abin da ya dame su, kwana huɗu suna shan shayi mara kumfa.

Kawu ya daɗe yana dariya. Sannan ya jawo gawayi ya hura wuta.