Ranar da na sa wa tebur ƙafafu

A duk Madawa babu mai shayin da ya karanci doka kamar ni, alhali ko ajin farko ban gama ba. Shekara tara teburina yana ƙarƙashin itacen bedin bakin tasha, inuwar da ko préfet, babban jami'in gwamnati, ya gani sai ya yi sha'awa. Direbobin albasa nan suke karyawa.

Sai meri, ma'aikatar magajin gari, ta fito da tsari: mai zama wuri ɗaya a bakin hanya ya je ya yanki takardar wuri, mai yawo da kayansa kuwa tikitin kasuwa ya ishe shi. Maƙwabta suka tafi bin layi. Ni na tafi wajen maƙeri, ya ɗaura wa teburina ƙafafu huɗu na tsohon amalanke. Na dawo ina taku kamar wanda ya ci zaɓe.

Ran Laraba ma'aikacin meri ya iso, wani siriri mai sanyin magana.

"Baba, ina takardar wuri?"

"Ɗana, dubi ƙasa. Ni mai yawo ne, ba ni da wuri."

Ya duƙa ya duba ƙafafun, har ya murza ɗaya. "Gaskiyarka. To bismilla, yawata."

Ya ja bencina ya zauna. Na tura tebur, buta na tafasa, kofuna na rawa, burodi na gangarowa. Na ce in na kewaya tasha sau ɗaya zai gaji. Mutumin nan bai san gajiya ba. Duk sanda na waiwayo sai ya ɗago mini hannu. Wani direba ya biyo ni da kofi yana cewa a ƙara sukari, muna tafe ina zuba masa. Kafin azahar na yi tafiyar da ta isa kai ni Tamaske.

Kwana uku yana zuwa, kwana uku ina yawo. Na huɗu na sallama, na tafi meri da sassafe na bi layi. Aka buɗe littafi, aka ce gindin bedi an bayar jiya.

Na koma a guje. Wata Hajiya mai ƙosai ta kafa kasko a inuwata, takardarta cikin leda, rataye a reshe.

"Hajiya, shekara tara nake nan."

Ba ta ko ɗago kai ba. "Malam, mai yawo aka ce mini kai ne. Matsa, kana tare mini iska."