Takardar da Ke Kumatuna

Yau ina aski na shafo zanen Arewa da ke kumatuna, sai kakana ya faɗo mini a rai. Shi ya sa wanzami ya tsaga ni.

Zamanin Nasara, ranar da zan bar Dogon Dutsi zuwa jami'a a Faransa, na nuna masa fasfona. Ko kallo bai ishe shi ba. Ya sa yatsa mai warin taba ya bi zanen daga bakina har kunne, ya ce, "Wagga takarda taka ruwa na iya cin ta. Tawa tana nan."

Tasa kuwa ta gallabe ni! A aji, a layin abinci, kullum tambaya ɗaya: "Zaki ne ya yage ka?" Na dinga naɗe fuska da ƙyalle ina ƙunƙuni.

Ran nan na sauka a tashar da ba tawa ba, sanyi har ƙashi, ban san kowa ba. Wani tsohon soja mai shara ya tsura mini ido: "Kai, Ba'are! Ɗan wane gida?" A ɗakinsa na ci tuwo ranar.

Allah ya jiƙanka, tsoho, ya sanyaya makwancinka. Amma har yau ina jin haushi da ka fi ni gaskiya.