Ranar da Aka Niƙa Zalɓen Sale

Wata Laraba ce da hantsi, a kakar shekarar da nake aji biyar na firamare, muna tsugune a kan jingar da ta raba gonar shinkafarmu da kogi, kawunanmu a haɗe kamar na kaji a kan tsaba. Yaya Bukar, ɗan baffana da ya tashi a gidanmu, ya dawo hutu daga sakandare a Haɗeja da wata waya ta shafawa mai tsagaggiyar fuska, kuma duk faɗin ƙauyenmu babu inda take kama sabis sai wannan tudun, a gindin wata goruba. Ya danna wani abu mai kama da ƙunshin goro, ƙunshin ya girgiza ya fashe da haske, sai ga katuna sun jeru, kowanne da hotonsa: mai takobi, mace mai fukafukai, wani dodo mai ƙaho, da wani dogon tsuntsu riƙe da mashi, da sauransu. Ƙanina Sale, wanda a lokacin bai wuce shekara takwas ba, ya ja da baya don mamaki har ya kusa faɗawa cikin kacala, doguwar ciyawar nan ta bakin ruwa. Ban manta warin laka da ƙarar gwangwanayen korar tsuntsu na wannan safiya ba, don daga ranar ne wannan wasan waya, gem, ya shiga gidanmu.

A shekarar Baba ya ɗora wa Yaya Bukar tsaron shinkafa. Duk wanda ya tashi a fadamar Haɗeja ya san jan baki, ƙananan tsuntsayen nan masu cin hatsi. Sukan taso daga cikin kacala su rufe rana, in aka yi sakaci na ɗan lokaci sai dai a tarar da kan shinkafa a tsaye babu tsaba. Aikin ba ya da wuya, gajiya gare shi: a hau rumfa, a ja igiyar da aka rataya wa gwangwanaye masu tsakuwa, a yi ta ihu har murya ta dishe, a yi jifa da majajjawa da ƙwallayen laka da muka busar. Yaya Bukar kuwa ya sha ruwan birni, ya fi son inuwar goruba. Sai ya kawo shawara cewa mu yi masa tsaron, ni da Sale da 'ya'yan maƙwabcinmu biyu, shi kuma duk ƙunshin da gem ɗin ya ba shi kyauta in ya ci wasa, za a raba katunan da mu. Muka yi na'am da murna, har muna ganin mun cuce shi.

Mu 'ya'yan masunta ne, ba mu san wani rabo ba sai na kifi. In Baba da abokan sunsa suka fito daga ruwa, sai a zube kamun a bakin gaɓa, a fara fitar da kason mai jirgi, sauran a kasa shi kashi-kashi. Kowa ya karyo ɗan karansa, a miƙa wa wanda ya juya baya bai ga mai wanne ba, shi kuma ya jefa kowane kara a kan kashi ɗaya. Inda karanka ya faɗa nan rabonka yake, ko ragon ruwa ne ko 'yan tsage, kuma daga nan ko ubanka ba ya sa hannu a ciki sai da izininka. Haka muka yi da katunan. Yaya Bukar ya ɗauki dodon a matsayin kason mai jirgi, tunda wayar tasa ce. Ni na juya baya, aka ba ni kararen, na juyo ina ɗora su a kan fuskar wayar ɗaya bayan ɗaya. Nawa ya faɗa kan mace mai fukafukai, karan Sale kuma ya sauka a kan dogon tsuntsun nan. Ba mu iya karanta sunansa na Turanci ba, sai Sale ya ce ai zalɓe ne, sunan kuwa ya bi shi.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: wasan yana da kai. Wanda ya tsara shi ba wawa ba ne. Kowane kati yana da lambar bugu da lambar jini, kana ajiye naka abokin karawarka yana ajiye nasa daga can wata ƙasar da ba mu sani ba, kuma sai ka lissafa abin da za ka fitar yanzu da abin da za ka ɓoye. Ƙarfi kaɗai ba ya ci. Zalɓen Sale ba shi da wata lambar a zo a gani, amma in aka yi haƙuri har abokin karawa ya baza ƙananan katunansa, sai ya tsince su ɗai-ɗai. Sale ne ya gano haka da kansa, Salen da malamin lissafi ya gaji da zane wa, wanda in aka ce ya cire uku daga tara sai ya kama kallon rufin aji. A kan jinga kuwa kafin Yaya Bukar ya gama ƙirga da yatsu, Sale ya riga ya faɗi jinin da zai rage. Ranar da ya fara cin wani mai katunan zinariya, da gudu ya zagaye gonar yana ihu, jan bakin ma ba su sake sauka ba sai bayan la'asar. Tun daga nan in zagayen wasa ya zo kansa, sai ya goge hannunsa a riga, ya nemo katin, ya ce masa, "Ina kwana, Zalɓe." Muna yi masa dariya, ko a jikinsa.

Amma abin ƙyamar da ke cikin wasan ya fi alherinsa yawa, kuma bai ɗauki lokaci ba ya nuna halinsa. Ƙunshin kyauta yakan zo da rawa da walƙiya kamar an kawo lefe, a buɗe a tarar da tarkacen da muke da su tun jiya. Ana cikin wasa sai wani hoto ya faɗo yana nuna ƙunshi na sayarwa, da agogo yana gudu a ƙarƙashinsa don dai hankalin mutum ya tashi. Ya sha data, ya sha caji, kullum sai an aiki ɗayanmu wurin mai janareto a bakin kasuwa. In sabis ya ɗauke kana dab da ci, sai a rubuta kai aka ci. Waɗanda ke saye da kuɗinsu kuwa sukan zo da dodanni jere, su tattake mu tun ba mu zauna daidai ba. Kakarmu, Inna Gambo, ta leƙa sau ɗaya da ta kawo mana fura, ta taɓe baki ta ce, "Karta ce ta sake riga." Da na ce mata ai kyauta ake ba mu, sai ta ɗauki ƙwaryarta tana cewa, "Banza ba ta kai zomo kasuwa." Na ji haushinta a ranar, na ɗauka tsufa ne.

Abin da ba mu sani ba shi ne akwai injin niƙa a cikin gem ɗin. Mai waya yana iya zaɓar katin da ba ya so, ya danna, katin ya farfashe ya zama wani gari mai ƙyalli, in garin ya taru sai a ƙera sabon kati da shi. Yaya Bukar ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan wani zaki na zinariya da ake yawan cinsa da shi. A makon da aka yanke shinkafa, muna can muna ɗaukar dammuna zuwa masussuka, ƙaiƙayi ya cika mana wuya, shi kuwa yana gindin goruba shi kaɗai. Da muka gama muka wanko jiki a kogi, Sale ya karɓi wayar don zagayensa ne. Ya shafa sama, ya shafa ƙasa, ya koma farko ya sake bi a hankali. Na karɓa na duba, tawa macen mai fukafukai ma babu ita, haka na 'ya'yan maƙwabta. Sai zakin nan shi kaɗai yana ta walƙiya kamar sabon kwano. Sale ya tambaya a hankali, "Yaya, ina Zalɓena?" Yaya Bukar ya fizge wayar ya ce, "Wane Zalɓenka? Wayata ce, sunana ne a ciki. Kai da ko sunanka ba ka iya rubutawa, me kake da shi a nan?" A gaban kowa ya faɗa.

Sale bai yi kuka ba, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Ya juya ya miƙe gida ba takalmi, na bi shi a baya. Muka tarar da Baba a ƙofar gida yana ɗinkin koma. Baba ne ake kawo wa rigimar rabon kifi a unguwarmu, don haka bai yi dariya ba da ya ji ƙarar, ya dai ajiye zaren ya aika a kira Yaya Bukar. Tambaya biyu kawai ya yi. "An kasa?" Muka ce an kasa. "An jefa kara?" Na ce ni ma na jefa da hannuna. Baba ya ce, "To na Sale ne. Mayar masa." Yaya Bukar ya fara bayanin cewa abin da aka niƙa ba ya dawowa, Baba ya ce to ya niƙa zakinsa ya ƙera wa yaro Zalɓensa, tunda da hakkin mutane ya yi shi. Haka muka ɗunguma zuwa jinga har da Baba, wanda bai taɓa taka wajen don waya ba. Yaya Bukar ya danna zakin, zakin ya farfashe. Garin da ya fito ko kusa bai kai na ƙera Zalɓe ba. Ashe injin nasu in ka zuba masa mudu, cikin tafin hannu yake mayar maka. Baba ya daɗe yana kallon fuskar wayar, sannan ya yi tsaki ya tofar da yawu gefe ya ce bai taɓa ganin mai niƙa marar kunya irin wannan ba. A wurin na gane cewa duk tsaron da muka yi, da karan da muka jefa, da hukuncin Baba, gem ɗin bai san da su ba, mai wayar kawai ya sani, shi ma ɗin aron katunan aka ba shi.

Ni kam na huce kafin a kai shinkafa rumbu. Sale bai huce ba. Yaron da a da yake bin Yaya Bukar kamar jela, yana riƙe masa takalmi in za su tsallaka ruwa, daga ranar bai sake ce masa Yaya ba. In an aike shi wurinsa sai ya tsaya daga nesa ya ce, "Ana kira." Inna Gambo ta yi faɗa, Umma ta kai masa ranƙwashi, Yaya Bukar da kansa ya sayo masa ƙwallo da zai koma makaranta, Sale ya karɓa ya yi godiya ya ba ɗan maƙwabta. Ba katin ba ne kaɗai, na sani. A duk duniya abu ɗaya ne ya taɓa iyawa fiye da kowa, kuma wanda ya fi girmamawa ya ce masa ba shi da komai a ciki.

Yanzu ina zaune a cikin garin Haɗeja, sabis har ɗakin girki. Yaran unguwarmu kowa da wayarsa ko ta uwarsa, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya yana buɗe nasa ƙunshin shi kaɗai. Ba sa faɗa a kan rabo, don babu abin da suke rabawa. Wani lokaci nakan tsaya ina kallonsu, sai kewar wancan tudun ta kama ni, da zafin ranarsa da cinnakunsa da kawunanmu a cure a kan waya ɗaya. Wancan gem ɗin an daɗe da rufe shi, ko sunansa ba na jin ana ambata. Kwanan baya aka yi sunan ɗan Yaya Bukar, muka je ƙauye gaba ɗaya. Sale, wanda yanzu ya fi shi tsawo, ya shiga layin masu barka, ya miƙa masa hannu biyu cikin ladabi ya ce, "Allah ya raya, Malam Bukar." Yaya Bukar ya amsa yana murmushi, amma bai saki hannun da wuri ba, kamar mai jiran a ƙara wani abu. Sale ya zare hannunsa a hankali ya matsa wa na bayansa.

Kalma ɗaya wasan nan ya ci a gidanmu, kuma har yau bai mayar da ita ba.