Abokin Nauyi a Layin Lilo

Ranar ƙaramar Sallah, a shekarar da aka mayar da mahaifina aikin jirgin ƙasa a Ƙaura Namoda, na tsaya a bakin wani fili da ke bayan tasha, sanye da sabuwar riga mai ƙamshin kanti, ina kallon abin da ban taɓa gani ba. Lilo ne, amma ba irin na igiya da muke ɗaurawa a reshen tsamiya ba. Wata ƙatuwar ƙafa ce ta katako kamar ƙafar keke, an tsayar da ita a kan ginshiƙai biyu, an rataya mata akwatuna huɗu da suka sha fenti ja da kore. Yaro ɗaya ke shiga kowane akwati. In aka tura, wannan ya yi sama har ya hango rufin tasha, na daura da shi ya yi ƙasa har akwatinsa ya kusa shafar yashi. Katako na kuka, yara na ihu, ni kuwa ina damƙe da kuɗin yawon Sallata har ya jiƙe da gumi, ban san kowa a filin nan ba.

Ina aji uku a lokacin, kuma ba mu daɗe da tasowa daga Zariya ba. Gidanmu yana kwatas ɗin reluwe, jerin ɗakuna masu rufin kwano, maƙwabtanmu Yarabawa da Ibo da Tibi, 'ya'yansu duk sun girme ni. Ni kaɗai ne namiji a ɗakinmu, saboda haka aikin waje nawa ne. Da sassafe nakan ɗebo ruwa a babban famfon da ake shayar da injin jirgi, sannan in bi gefen dogo da tsohon kwano ina tsinto wa Inna ɓurɓushin kwal na murhu. In an tashi makaranta in yanko wa akuyarmu ciyawa, da damina kuma in shiga 'yar gonar da Baba ya share a bayan kwatas, inda muka shuka gyaɗa da kuɓewa. A makaranta yara na dariyar maganata, suna kirana ɗan reluwe. In za a yi langa aka raba gari biyu, ni ake bari a tsaye, sai in ɗauki garena in yi ta korawa a gefen dogo har magariba. Da na kai ƙara wurin Inna, abin da ta ce kawai shi ne, "Baƙo raɓa ne, kada ka sa rai da yawa."

Mai lilon wani siririn dattijo ne da ake kira Malam Garba, yana yawo da shi gari-gari, ya harhaɗa ranar jajibere, ya kwance bayan Sallah. Yana da doka guda wadda ba ya ɗagawa ko ga ɗan hakimi: ba a hawa sai da abokin nauyi. Akwatunan da ke daura da juna dole nauyinsu ya zo ɗaya, in ba haka ba ƙafar ta rinjaya gefe guda, masu turi su wahala, na sama ya maƙale. Ba shi da ma'auni, hannunsa ne ma'auninsa. Yakan ɗaga yaro ta hammata, ya sauke, ya ɗaga wani, kamar mai ɗanɗana miya, sannan ya yanke hukunci. Yawancin yaran sun san abokansu tun bara, bibbiyu suke zuwa. Da na matsa na miƙa masa kuɗina, ya ɗaga ni ya dire, ya dubi bayana ya ce, "Kai da wa?" Na ce ni kaɗai ne. Ya mayar mini da kuɗin a tafin hannu, ya nuna mini gindin wata bedi, ya ce in tsaya can har Allah ya kawo daidai da ni.

Na tsaya tun hantsi har aka kira azahar. Bai manta da ni ba, in ya ga yaro mai kama da tsarata sai ya ɗaga shi ya girgiza kai. Wasu da suka yi daidai suka ce suna da nasu. Na fara tunanin abin da zan gaya wa Inna in na koma da kuɗina, sai ga wani yaro ya shigo filin da ƙafafu futu-futu, yana sanye da rigar saƙi, da sandar rake a kafaɗa. Malam Garba ya ɗaga shi, ya kira ni ya sake ɗaga ni, ya ce, "To, ga naka nan." Yaron ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Mi sunanka?" Shi sunansa Nomau, daga wani ƙauye ya tako tun asuba.

Samun aboki bai sa mun hau nan take ba, layi muka shiga, kuma layin Malam Garba ba na tsayuwa kawai ba ne. Waɗanda suka kusa kai ne ke tura wa na ciki, saboda haka kafin ka hau ka yi wa wasu gumi. Nomau ya karya rakensa a gwiwa ya ba ni wajen gindi, inda ya fi zaƙi. Ya tambaye ni ko gaskiya ne jirgi yana shan ruwa, na ce da idona nake gani kullum, har na kwatanta masa yadda yake huci in ya ƙoshi. Shi kuma ya koya mini yadda ake fitar da gafiya daga rami da hayaƙi. Tun zuwanmu garin ban yi magana mai tsawon wannan da wani yaro ba. Da layi ya zo kanmu ya shiga jan akwati, na shiga na daura da shi. In ina sama yana ƙasa, in yana sama ina ƙasa, ba ma ganin fuskar juna sai a tsakiya, nan ne kowa zai ƙwala wa ɗan'uwansa abin da ya hango. Na ga rufin tasha, na ga tarin buhunan gyaɗa, na ga inda dogo ya ƙare ƙurmus a cikin ciyawa. Kafin in gama kallo an tsayar da mu. Muka sauka muka koma ƙarshen layi.

Haka muka yi ta yi kowace Sallah, ƙarama da babba. Tsakanin Sallah da Sallah ba ma haɗuwa, sai dai in yi ta tara masa labari da 'yan kayayyaki, kamar ƙusar da na ɗora a kan dogo jirgi ya take ta ta koma kamar wuƙa. Shi kuma ya zo mini da goruba da soyayyar fara a ƙullin tsumma. Ban taɓa tambayar sunan ƙauyensu ba. Ya ce a hayin rafi yake, wannan ya ishe ni, tunda lilo zai kawo shi. Wata babbar Sallah ya zo ya yi ƙirji, noma ya buɗa masa kafaɗu, ni kuwa ina nan kamar sillen kara. Malam Garba ya ɗaga shi da nishi, ya ɗaga ni, ya ce zamanmu ya ƙare, kowa ya nemi wani. Nomau ya juya ya fita daga filin, ni kuma na nufi gindin bedin nan da na sani. Jim kaɗan sai ga shi da ɗan dutsen niƙa da ya aro wurin wata mai ƙosai, ya danƙa mini. Malam Garba ya daɗe yana kallonmu, sannan ya ɗaga ni da dutsen a rungume, ya ce, "Dutse ba ya turi, ku za ku yi nasa. Riƙe shi da hannu biyu." Ranar na hau ban kama gefen akwati ba, amma na hau. Kafin wata Sallar aka mayar da Baba Kafanchan. Muka tashi da damina a jirgin safe, babu wanda zan bar wa sallahu.

Daga baya karatu da aikin tafinta a kamfanonin jiragen ruwa suka yi ta yawo da ni, Yamai, Kwatano, Marsai ta Faransa, Alƙahira, Bombay. Na ga irin lilon nan a wajen maulidi a Masar, na gan shi a wani ƙauyen Indiya inda samari ke taka sandunan ƙafar da tafin ƙafa su juya ta. Katakon yakan bambanta, amma layin iri ɗaya ne ko'ina: uwaye na ɓare lemo, yara su yi faɗa su shirya, manya su fara da ƙorafin rana su ƙare da labarin garuruwansu. Rabin Larabcin kasuwa da na iya a layi na tsince shi. A ƙarshe na zauna a Dubai, na yi aiki a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali har na yi ritaya. Bayan rasuwar mai ɗakina na koma wurin 'yata da mijinta a wani fulat a unguwar Al Muraqqabat.

A can wajen gari, ta hanyar Jebel Ali, akwai wani babban wurin wasa da na riƙa kai jikata Hanifa. Na yanka mana katin shekara, kuma duk shekara ina sabuntawa. In zafin gari ya ragu, kowace Asabar bayan la'asar muna layin babbar ƙafar da ke juyawa a hankali. A layin ne na san Haji Musa, wani tsoho mutumin Kerala da ke kawo jikansa. Larabcinsa ya karye, Turancina ya tsufa, muka haɗa biyun muka samu abin magana. Yana zuwa da fulas ɗin shayi mai citta da ƙananan kofuna biyu, ya ce ɗaya na wanda Allah ya tsayar kusa da shi ne. Muna zolayar juna a kan wanda gwiwarsa ta fi lalacewa, yana kirana Haji Afirka. Mun yi shekaru a haka, ban karɓi lambar wayarsa ba, shi ma bai nemi tawa ba. Da aiki ya ɗauke mijin 'yata zuwa Kanada suka tafi da Hanifa, na ce sanyin can ba na tsoho ba ne, na zauna. Ban daina zuwa wurin wasan ba. Nakan shiga layi ni kaɗai, mu sha shayi, in mun iso ƙofa wani lokaci in hau, wani lokaci in ba na bayana hanya.

Sai aka sauya tsari. Yanzu kowane abin hawa sai ka kama lokacinsa a waya tun kana gida, ko da kana da katin shekara. Wasu ranakun an rufe wa masu katin, wanda ya ƙara biya kuma shi ke gaba, lokutan yamma kan ƙare kafin tsoho ya gano inda zai danna. Aka kwashe igiyoyin layi, aka ɗauke kujerun da ke gefensu. Ɗan jirgin ƙasan yara an rataya masa allon gyara tun bara, fentin dawakan katako ya koɗe, maɓuɓɓugar ruwan da yara ke tsallakewa ta bushe, makaɗan da ke tarbar mutane a ƙofa ba a sake ganinsu ba. Alhaji Isuhu, wani ɗan kasuwa mutumin Maraɗi mai shago a Al Khabaisi, wanda ke kawo tagwayensa, ya tare ni bayan sallar Juma'a ya ce, "Baba, ni kam khalas, na gama. Shekara da shekaru muna sabunta kati, yau sai na roƙi waya ta ba ni izinin hawa? Tagwaye ɗaya ya samu ƙarfe huɗu, ɗaya ƙarfe bakwai. C'est fini." Ban yi masa musu ba, ko da yake na san tsayuwa a rana da yaro mai kuka wahala ce, kuma akwai iyayen da sabon tsarin ya hutar.

Ni ban yi fushi na daina ba, na sa maƙwabcina ya koya mini yadda ake kama lokaci. Na je a kan lokacina, na nuna waya, ƙofa ta buɗe, ban tsaya ko na tsawon shan kofin shayi ba. Na zauna a ɗakin gilashi mai sanyi na babbar ƙafar ni kaɗai, na hango ƙarafan loda kaya na Jebel Ali da hamada a bayansu, na sauka. Na sake zuwa wata Asabar da wuri, wata kuma dab da magariba, ina dube-dube ko zan ga tsoho da fulas. Na tambayi yarinyar da ke tsaron ƙofa, 'yar Filifin, ta ba ni haƙuri cikin ladabi, ta ce ita sabuwa ce, kuma ba a ba su damar faɗin lokacin wani ba. Wataƙila Haji Musa yana zuwa, yana sauka ina hanya. Wataƙila ya koma Kerala, wataƙila kuma ya riga mu gidan gaskiya. Babu wanda zan tambaya.

A watan jiya katina ya ƙare, saƙo ya shigo waya cewa in sabunta, ban sabunta ba. Ranar Asabar yanzu ina zama a taga bayan la'asar, ina kallon masu fitowa daga tashar jirgin ƙasa ta Al Rigga kowa da wayarsa a hannu. A da sai ka jira tare da mutane kafin ka hau, kuma a wurin jiran ne baƙo ke samun wanda zai ce masa mi sunanka. An ɗauke layin, ba kuma za a maido shi ba. Yanzu kowa yana zuwa a kan lokacinsa, ya hau, ya sauka, ya tafi bai san wanda ya zo kafinsa ba.