Yadda Yaya Habu Ya Goge Ni Daga Birnin Zariya

Duk wanda ya zauna a Kwarbai ya san ba a wuce Yaya Habu da sauri. Kana tafe abinka, wataƙila ma mai ɗori za ka kira, sai ka ji daga zaure, "Tsaya nan! Kada ka motsa!" Sai ya fito ya kanne ido ɗaya, ya miƙa hannu, ya ɗaga babban yatsa, ya auna ka daga takalmi zuwa hula yana ƙirga a maƙoshi. In ya gama ya ce, "Ɗigo talatin da biyu a tsaye, sha huɗu a kwance. Wuce." Ya yi wa mai unguwa, ya yi wa mai tallan fura, har ango ya taɓa tsayarwa ana jiransa a wurin ɗaurin aure.

Ga wanda bai san shi ba, wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya yi shekara talatin yana zanen taswira a ofishin safiyo. Da ya yi ritaya kowa ya ɗauka gona zai koma, ko kiwon kaji kamar sauran tsararrakinsa. Ina! Sai ya jawo wata tsohuwar kwamfuta mai ƙeya kamar tulu, ya girke ta a ɗakin zaure, ya ce wasa zai haɗa. Irin wasan nan ne da ake ba ka ɗan mutum a allo, kana tafiyar da shi cikin gari, yana magana da jama'a, ana aikensa. Garin kuwa birnin Zariya ne, lungu-lungu, kuma mutanen ciki mu ne, kowa da sunansa da kamanninsa, an zana shi da ɗigo-ɗigo kamar ɗinkin hula.

Na ce mu, amma ban da ni. Ni Isiyaku ƙaninsa, ni ya fara zanawa kafin kowa, kuma ni ya goge. Shekara uku na yi ba na cikin garin. Akuyar matarsa Hajiya Lami tana ciki, ni babu! Zan zo kan dalilin, amma tun yanzu ina gaya muku abin ya ci mini rai fiye da yadda na bari aka gani.

Mu fara da tsuke hannunsa. Manhajar zanen da yake aiki da ita ta tsufa har ba a san wanda ya yi ta ba, kuma kala goma sha shida kacal take bayarwa. 'Yarsa Bilki da ke aiki a Kaduna ta ji tausayinsa, ta kawo masa sabuwar kwamfutar cinya, siririya, tana ta ƙyalli. Ta ce, "Baba, wannan kala miliyoyi take da su. Ga kuma alƙalami, ka huta da danna ɗigo ɗaya-ɗaya."

Ya ce, "Miliyoyi? A ina Zariya ta ga kala miliyoyi? Jar ƙasa ce, sai shuni, sai tsatsar kwano, sai fararen kaya ranar Juma'a. Sha shidan ma akwai biyu da ban taɓa ba."

"To Baba, ka dai gwada."

"Na gode, Allah Ya yi albarka. Zan yi amfani da ita."

Ya kuwa yi. Da ita yake danne hulunansa in an wanko su, ya ce bai taɓa samun abin da ke fitar da karin hula kamarta ba.

Sai maganar gaisuwa. Akwai abokinsa tun na firamare, Malam Yohanna na Wusasa, tsohon malamin makaranta, shi ya fara ba wasan ya gwada. Aiken farko mai sauƙi ne: ka ɗauki ƙullin goro daga Kwarbai ka kai Limancin Kona. Malam Yohanna ya gyara tabarau ya zauna da hantsi. Yana fita ƙofar gida a cikin wasan ya ci karo da Goggo Asabe. Ina kwana, ina gajiya, ina gida, ya yara, ya jikin tsohuwa, ya ƙarin haƙurin rashin da aka yi bara. Sai ka danna kowace ka jira amsarta. Ya yi taku biyar sai ga mai unguwa, aka sake sabon lale, har da cire takalmi da durƙusawa. Aka kira azahar bai bar layinmu ba.

Ya ce, "Habu, ba maɓallin da mutum zai danna ya tsallake?"

"A gidanku akwai shi?"

"To ina dodon da ake kashewa? Na ga na jikokina akwai dodo."

"Wuce Goggo ba ka gaishe ta ba, za ka gan shi."

Malam Yohanna ya ce bari ya gani, ya zagaye Goggo ta bayan rijiya. Nan take mutanen allon suka juyo gaba ɗaya, kowa da rubutu a kansa: "Wannan ɗan gidan waye?" Sai allon ya yi baƙi, aka rubuto, "An kai ƙararka gida. Koma farko." Malam Yohanna ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce shekararsa saba'in, rabonsa da jin tsoro irin wannan tun yana sa gajeren wando.

Ba a daɗe ba magana ta kai Limancin Kona cewa Habu safiyo yana zana masu rai. Malam Tanimu, wanda muka yi karatun littattafai a zaurensa, ya tako da kansa don ya gani ya yanke hukunci. Yaya ya shimfiɗa masa buzu, ya kunna kwamfuta. Malam ya duƙa ya ƙura wa allon ido, ya daɗe.

"To ina mutumin?"

"Ga shi nan, Allah gafarta Malam."

"Wannan? Ai na ɗauka buhun gero ne aka ɗora wa ƙwarya."

"Kai ne, Allah gafarta Malam."

Ni dai na fara neman takalmina da ido. Malam ya shafa gemu ya ce abin da sai an rantse maka kafin ka yarda mutum ne, shi bai ga abin hanawa a ciki ba. Ya yi addu'a ya miƙe. Har ya kai bakin ƙofa sai ya juyo ya rage murya: "Amma Habu, rawanin nan ya yi ƙanƙanta. A ƙara masa ko ɗigo biyu ne."

Daga nan mutane suka shiga taitayinsu da shi, don an gane wasan nan shi ne kotunsa. Telan da ya riƙe masa riga wata biyar, a cikin wasan ko sau ɗari ka je shagonsa abu ɗaya zai ce maka: "Gobe in sha Allahu." Telan ya zo har gida ya durƙusa, aka gyara masa zuwa "Jibi."

To ga nawa laifin. Wata ranar Asabar bayan la'asar muna majalisa a gindin dalbejiya, na samu sabuwar manhajar nan ta waya, wadda za ka rubuta mata abin da kake so ta zano maka nan take. Na rubuta mata birnin Zariya. Kafin in ɗago kai ta fito da wani gari mai hasumiyoyin zinariya, ga raƙuma, ga kogi da jirgin ruwa a tsakiya. Daɗi ya kwashe ni, na ɗaga waya sama na ce, "Jama'a ku gani! Abin da Yaya ya shekara takwas yana tsintar ɗigo, waya ta gama shi kafin shayi ya huce!"

Aka kwashe da dariya, ni na fi kowa. Yaya ya miƙo hannu ya karɓi wayar, ya duba a tsanake.

"Isiyaku, wannan lungun ina yake ɓullewa?"

"Ai hoto ne kawai, Yaya."

"Wannan gidan na waye?"

Ya matsar da yatsa kan wani mutum a hoton.

"Shi kuma wannan mai yatsa shida, ɗan wace unguwa ne? In ya mutu wa zai je ta'aziyya?"

Ya miƙo mini wayata ya ce, "Gari ya yi kyau. Sai ka koma can da zama." Ya kaɗe rigarsa ya shige gida.

Washegari labari ya zagaye unguwa. A bakin ƙofar gidanmu na cikin wasa, inda nake zaune a benci, an ɗauke ni an ajiye turmi. 'Yan majalisa kuwa me za su yi in ba murna ba, har yau akwai masu kirana Malam Turmi.

Kada ku ɗauka gaba muka yi. Haba, a birni? Kullum da safe sai na leƙa na gaishe shi, ya amsa mini tsaf, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Tare muke zuwa masallaci, tare muke zuwa suna da jana'iza. Sai dai in na gifta ta gabansa, ko na rage tafiya da gangan, da ido biyu yake kallona. Na aika masa da kilishi, ya cinye, ya zana mai kilishin. Na tura Malam Yohanna ya sa baki, ya dawo ya ce mini, "Ya ce wurin ya cika, turmin yana da amfani." Hajiya Lami ta tare ni a tsakar gida ta ce, "Kai ma dai da taurin kai! Kalma nawa ce? Yaya ka yi haƙuri, shi ke nan fa." Na ce in ba babban mutum haƙuri a kan wasan yara? Ai sai a yi mini dariya. Gaskiyar magana kunya nake ji, don na san abin da na taɓa a ranar nan ba ɗigo ba ne, shekarunsa ne na ɗaga wa mutane suka yi wa dariya. Kullum sai in ce bari sai bayan Sallah, Sallah ta wuce in ce sai ta gaba.

Ana haka ciwo ya kwantar da Yaya, bai kai mako biyu ba Allah Ya yi masa rasuwa. Ranar da aka yi addu'ar bakwai, da hantsi bayan mutane sun watse, Hajiya Lami ta aiko a kira ni ɗakin zaure. Tana takaba, daga bayan labule take magana.

"Kunna kwamfutar. Ka buɗe manhajar zanen, ka danna zanen da ya yi na ƙarshe."

Na danna. Sai ga takalmina mai cinyayyen dunduniya. Ga wandona, ga rigata ruwan toka, ga 'yar rediyon da ba na rabuwa da ita a hannun hagu. Ga kuma wani tumbi, jama'a, tumbin da ko mai juna biyu ba ta kai shi ba! Wallahi nawa bai kai rabinsa ba. Zanen ya hau har kafaɗa, daga nan ya tsaya. Babu wuya, babu kai.

Na ce, "Hajiya, tun yaushe?"

"Tun watan jiya. Kwana huɗu ya yi a kan tumbin nan kaɗai, yana yi yana dariya shi ɗaya."

"To kan fa?"

Na ji tana jan hanci. Can ta ce, "Ya ce kan sai ranar da ka zo da bakinka ka ba shi haƙuri. Wai yana so ya ga yadda fuskarka za ta yi, ita zai zana."

Na zauna a kujerarsa ina dariya, ban san lokacin da ta juye ta zama kuka ba. A nan na faɗi kalmomin, ni da tsohuwar kwamfuta da matar da ke bayan labule. Ba su ɗauke ni ko daƙiƙa biyar ba.

Bilki ta ce za ta iya samo wanda zai ƙarasa zanen, na ce a bar shi yadda mai shi ya bar shi.

Allah Ka jiƙan Yaya Habu, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka ba Hajiya da yara haƙuri. Haƙurin da na riƙe masa shekara uku, ya Allah Ka isar masa da shi, Ka haɗa fuskokinmu a Aljanna. Amin.