Muryar Inna da Lambobin Kwali

Ƙanena ya yi karatun lantarki a Yamai, tun daga nan ko fitila ba ya saye sai ya karanta bayan kwalinta. Ni kuwa da kunne nake sayayya, kuma ban taɓa ba kowa haƙuri a kan haka ba.

Kaset guda ne ya kai mu shagon lasifika a Sabon Gari. Shekarun da nake leburanci a Abijan, Inna ta sa aka ɗauki maganarta a tsakar gidanmu na Tsibiri aka aiko mini, don ba ta iya rubutu ba. Ta rasu, kaset ɗin ya rage. Rediyona ta tsufa har muryar ta koma kamar ana magana cikin tulu, ni kuma ina so in sake jin ta yadda take kafin zaren ya tsinke.

Muna shiga ƙanena ya nufi wata ƙatuwar lasifika mai tsawon buhun hatsi. Ya ɗauki kwalinta, ya bi lambobin da ke jikinsa da yatsa.

"Yaya, wagga za mu ɗauka. Dubi ƙarhinta, dubi awon da anka yi mata. Takarda ba ta ƙarya."

Na ce, "Takardar ta san Inna?"

Mai shago ya yi dariya. Na miƙa masa kaset ɗin, sai da ya tono wata tsohuwar na'ura daga ƙarƙashin teburi kafin ya haɗa. Ƙatuwar ta buɗe baki, shago ya ɗauki rawa. A ranar da aka yi ɗaukar ana daka a gidan, to turmin nan ta fito da shi, dum, dum, har cikin ƙirji. Inna tana can baya kamar baƙuwa. Raina ya ɓaci sosai.

Na nuna wata ƙarama mai ƙura, wadda ko kwali ba ta da shi. Ƙanena ya ce wannan ta masu sayar da maganin gargajiya ce, abin kunya ne a gan mu da ita. Na ce a haɗa, kunyar tawa ce.

Sai ga Inna, da 'yar shaƙewar nan tata, tana gaishe ni da aiki, tana ba ni labarin damina. Ta ce shi ke nan. Kullum daga nan turmi kawai nake ji. Ran nan na ji ta matso, ta rage murya, ta kira sunana sau ɗaya.

Ni ne ɗan farinta. Saboda kunya, tunda ta haife ni ba ta taɓa faɗin sunan nan a gabana ba.

Ƙanena ya saki kwalin da ke hannunsa, ya ce, "Maido baya, Yaya."

Na zare kaset ɗin na sa a aljihu. Wannan ba na kasuwa ba ne.