Malam Sale Mai-Kwaɗo da Akwati Marar Fuska

Da can, in kana son ganin takardar gonarka a ƙungiyarmu ta masu gonaki a Gude, nan ƙasar Mubi, sai ka yi sammako ka tafi Lokuwa, ka yi sallama a ƙofar magatakarda, Malam Sale Mai-Kwaɗo, ka jira. Yau kuwa sai ka zauna a ofishin ƙungiya ka latsa wayarka, takarda ta fito tun shayinka bai huce ba. Mutane suna cewa zamani ne ya kawo sauƙi. Ni da aka yi abin a gabana, na san zamani akwati kawai ya kawo. Halin da ke cikin akwatin na Malam Sale ne.

Ku da kuka san shi kun san abin da zai fara faɗa. Ba lale, ba sannu da zuwa. Zai leƙo daga zaure, ya dube ka tun daga hula har takalmi, ya ce, "Wa ya aiko ka?" Ni da muka tashi a layi ɗaya, kakanninmu suka taho daga ƙasar Katsina a ayari ɗaya, ban tsira ba. In na ce, "Haba Sale, ni ne fa, Isa," sai ya ce, "Na ga kai ne. Wa ya aiko ka?" In ya rufe kwaɗo kuwa sai ya ja shi sau uku, ya yi taku goma, ya dawo ya sake ja, wai ko kwaɗon ya canza shawara.

Fatauci ya kai ni Garwa da Marwa da Injamena, har Kartum da Jidda. Na ji zargi da Fulatanci, na ji shi da Faransanci da Larabci. Na ga mai gadin sito da ya sa na cire hula ya leƙa ciki. Wallahi duk yara ne a gaban Sale.

Abin da yake tsaro kuma ba abin wasa ba ne. Takardun gonaki ne: wa ya sayar wa wa, daga ina zuwa ina iyaka ta tsaya, ga dangwalen shaidu. Yawancin shaidun nan sun rasu. In takarda ta ɓace ko aka taɓa layi ɗaya a cikinta, mai ƙaramin ƙarfi ya rasa gona ke nan. A akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku yake ajiye su, ƙarƙashin gadonsa. Shekarar da 'yan bindiga suka shigo gari muka yi gudu, ya bar awakinsa, ya ɗora akwatin nan a ka har Sorau. Hajiya Asabe, matarsa, har gobe ba ta huce ba. Da ta yi magana sai ya ce, "Awaki suna da ƙafa. Takarda fa?"

To, akwatin ya tsira daga gudu, bai tsira daga gara ba. Ta shiga ta inda tsatsa ta huda, ta fara cin gefen takardu. A nan ne Malama Rifkatu, mai koyar da kwamfuta a wata kwaleji cikin gari, ta kawo shawara: a ɗauki hoton kowace takarda, a zuba a wata 'yar na'ura da ake kira saba, a ajiye a ofis, kowa ya riƙa duba tasa ta waya. Rifkatu 'yar Baba Tumba ce, mutumin Michika, maƙwabcina a gona. Ni da Tumba kuwa shekara goma sha ɗaya ba ma ga-maciji, a kan wata tsamiya da ta fito a kan iyakarmu. Amma 'yarsa ba ruwanta, tana gaishe ni har ƙasa.

Ranar da ta kawo na'urar, Sale ya zagaya ta kamar mai sayen sa a kasuwar shanu. Baƙin akwati ne ɗan ƙarami, ba allo, ba madannai, sai wata koriyar fitila da ke ƙiftawa.

"Ina fuskarta?"

"Ba ta da fuska, Baba. Ta laftof ake shiga. A buɗe burauza, a rubuta lambar gidanta, sai shafin da ake sarrafa ta ya fito."

"Wato mai gida ne da ba ya fitowa zaure, sai dai a yi magana da shi ta taga."

"Kusan haka ne, Baba."

"Abin da ba shi da fuska, 'yata, ta ina zan gane yana ƙarya?"

Ta yi dariya, ta rubuta lambar, shafi ya fito yana neman kalmar sirri. Ta buga wata 'yar gajeriyar kalma, ya buɗe. Sale ya riƙe mata hannu.

"Wa ya ba ki wannan kalma?"

"Da ita ta zo daga kamfani. Duk irin akwatin nan kalma ɗaya ce, sai mai shi ya canza."

Ya miƙe tsaye. "La'ilaha illallahu! Kwaɗo dubu, makulli ɗaya! Isa, ka ji? Ban gaya muku ba?" Ban taɓa ganin mutum ya ji daɗin mugun labari irin na ranar ba. Ya sa duk muka juya baya, har Rifkatu. Ya lulluɓe kansa da laftof ɗin da babbar rigarsa, ya shiga buga sabuwar kalma da yatsa ɗaya. Muna jin ƙwas, shiru, ƙwas, shiru. Tun hantsi, sai da aka kira azahar ya fito yana gumi kamar wanda ya haƙa rijiya.

Kashegari aka zo rabon ɗakuna, don shi bai taɓa cewa folda ba. Ɗakin takardun saye, ɗakin iyakoki, ɗakin gado. Rifkatu tana karanta abin da ke shafin, ni ina taya ta fassara, shi yana yanke hukunci.

"Nan suna tambaya ko za a iya shiga daga waje, ta intanet."

"Rufe."

"Nan kuma shigar baƙo ce. In an buɗe, wanda ba shi da suna a na'ura zai iya dubawa."

"Rufe."

Na ce, "Haba Sale, baƙonka annabinka. A Sudan in ka sauka gidan mutum, kwana uku ba ya tambayar sunanka."

"Shi ya sa ka daɗe a can," in ji shi. "Baƙo a ba shi ruwa, a ba shi tabarma. Ka taɓa ganin an kai baƙo rumbu?"

Sai aka zo kan sunaye. Gaban kowane suna akwai zaɓi uku: gani kawai, gani da rubutu, ko hani. Sale ya bi su ɗaya bayan ɗaya, gani kawai, gani kawai, har ya iso kan Alhaji Garba, shugaban ƙungiya, wanda ke zaune a wurin yana fifita da hula.

"Gani kawai."

"Malam Sale! Ni ne fa shugaba!"

"Shi ya sa na ba ka gani, ranka ya daɗe. Shugaba ido ne. Hannu na magatakarda ne."

"To in na ga kuskure fa?"

"Ka zo ka gaya mini, in tambaye ka wanda ya aiko ka."

Da Rifkatu ta danna a adana, wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar shafin. Sale ya ce me kuma ya faru. Ta ce, "Tambaya take, Baba. Wai ka tabbata?" Ya matso da kujera. Ya ce ta sake, ta sake, tambayar ta sake fitowa. Sai na ga fuskarsa ta yi laushi kamar ya ga jika. "Shekara arba'in ina yi wa mutane wannan tambaya suna zagina," in ji shi. "Yau ga wadda ta yi mini."

Daga ranar nan suka ƙulla. Ya koyi buɗe shafin da kansa. Wata rana ya kuskure kalmar sau uku, na'ura ta rufe ƙofa ta ce sai bayan wani lokaci. Rifkatu ta fara ba shi haƙuri, ta ce za ta cire wannan doka. Ya ce, "Ki taɓa ki gani! Ta yi daidai. Ina ta san wanda ya aiko ni?" Ya zauna a bakin ofis yana jira, yana ba duk mai wucewa labari, yana alfahari wai an kore shi.

Mu dai dariya muke yi, har maganar Kwanye ta taso. Kwanye mijinta ya rasu ya bar mata 'yar gona a bakin mayo, wato rafi, da ita take ciyar da marayu huɗu. Takardarta tana cikin waɗanda gara ta taɓa. An ɗauki hotonta tun ana iya karanta layin iyaka, amma kafin damina ta zagayo wurin ya marmashe. Bala, ƙanin Alhaji Garba, wanda gonarsa ke jikin tata, ya san da haka. Sai ga shi a taron ƙungiya da wata takarda, wai iyaka ba a dutse take ba, a bakin ruwa take, wato rabin gonar Kwanye nasa ne. Kwanye tana zaune a gefe ta haɗa kai da gwiwa.

Sale ya gyara zama. Ya buɗe laftof, ya fito da hoton asali, aka karanta: iyaka a dutse. Bala ya ce ai hoto ana iya taɓa shi. Sale ya ce, "Gaskiyarka. Bari mu ga ko an gwada." Ya shiga wani shafi da ban ma san da shi ba, inda na'ura ke rubuta duk wanda ya shiga da abin da ya nema. Ya sa Rifkatu ta karanta da ƙarfi: ranar Juma'a, ƙarfe biyu saura, an shiga da sunan Alhaji Garba, an nemi a ɗora wata takarda a kan ta Kwanye har sau huɗu, na'ura ta ƙi.

Alhaji Garba ya zabura. "Ni? Ina masallaci a lokacin! Isa, ba sahu ɗaya muka yi ba?"

"Na sani," in ji Sale. "Ina bayanka, ina kallon ƙeyarka. Wa ka bar wa wayarka?"

Duk ido ya koma kan Bala. Bala ya ce bari ya kama ruwa. Har yau ruwan nan bai kamu ba.

Alhaji Garba ya share gumi, ya ce a hankali, "Da ka ba ni hannu ranar nan fa?"

"Da yanzu sunanka ne a kan zaluncin, ranka ya daɗe. Na tsare ta, na tsare ka."

Bayan kwana biyu Kwanye ta je Lokuwa da kaza a hammata. Ya leƙo. "Wa ya aiko ki?" Ta ce, "Allah ne ya aiko ni, Malam." Ya yi ɗan tunani, ya ce, "To, shi na yarda da shi. Ajiye."

Da ciwo ya kwantar da shi bara, ya aika a kira ni. Ya raɗa mini wasu haruffa a kunne, ya sa na maimaita sau uku, ya hana ni rubutawa. Ya ce rabin kalmar na'ura ke nan. Na ce ɗaya rabin fa? Ya ce yana wajen Tumba.

"Tumba? Duk Mubi ka rasa wanda za ka haɗa ni da shi sai Tumba?"

"Duk Mubi," in ji shi, yana tari, "ku biyu ne kawai na tabbata ba za ku haɗa baki ku cuci kowa ba. Ko gaisawa ba kwa yi."

Bayan sadakar arba'in ɗinsa, ƙungiya ta zaɓi Rifkatu magatakarda. Amma ita ma gani kawai ya ba ta, kuma sababbin takardu sun taru ba mai ɗorawa. Dole aka zaunar da ni da Tumba a benci ɗaya, kowa ya juya wa ɗan'uwansa kafaɗa. Na ce ai ni ne aminin marigayi, nawa ne farko. Na buga, Tumba ya buga, ta ƙi. Na ce yatsansa ne ya kauce. Muka sake, ta ƙi. Rifkatu ta ce, "Baba Isa, saura ɗaya ta rufe." Na haɗiye abin da na haɗiye, na juya na ce, "Tumba, bismillah, fara." Maganata ta farko da shi ke nan cikin sama da shekara goma sha ɗaya. Ya dube ni, ya ce, "Yauwa Isa, ashe bakinka yana aiki." Ya buga, na buga, shafi ya buɗe. Da gangan Sale ya sa ni a baya!

Rifkatu ta shiga wajen sunaye don ta ba kanta hannu, sai ta toshe baki. Ashe duk 'yan ƙungiya ya tara mu a rukuni ɗaya, ya raɗa masa suna: Waɗanda Ban Yarda da Su Ba. Ga ni, ga Tumba, ga Alhaji Garba, ga ita kanta. Suna na farko a jerin kuwa: Sale. Ikon share takarda bai ba kowa ba, har da kansa. Muka yi dariya ni da Tumba har muna riƙe juna, daga nan ban san lokacin da dariyar ta koma wani abu ba.

Allah ya jiƙan Malam Sale, ya sa ya huta. Allah ya tsare masa littafinsa yadda ya tsare na marayu, ya buɗe masa ƙofar da ba a tambayar wanda ya aiko ka. Tumba ya ce amin tare da ni.

Akwatin ƙarfe yanzu Hajiya Asabe tana zuba gyaɗa a ciki. Ba wanda ya sake zuwa taro da takardar da ya rubuta a gida. Kalmar nan kuma har yau ba mai ita shi kaɗai: farkon kowane wata ni da Tumba mukan hau benci ɗaya, shi ya fara, ni in ƙarasa.